Tsingaro

Ni Cima ta Bagalam,
shekara arba'in hannuna na cikin yumɓu,
har zanen tafina ya shafe.
Uwata ba ta taɓa ce mini ga yadda ake yi ba.
In bakin tulu ya karkace
sai ta ɗora ƙafa ta take shi,
ta turo mini curin, ta ci gaba da nata.
Haka na koya,
kuma na yi niyyar a rufe ni da abina.

Sai jikata Sahiya ta dawo daga lakwal
da waya mai tsagaggen gilashi,
ta tsuguna tana ɗaukar hoton yatsuna.
Na ce, ke, sirrin gida za ki raba kamar goron suna?
Ta ce, Kaka, bokitin roba ya cinye rabin rumfarki.
Ƙirga mini masu ginin randa a unguwar nan.
Na ƙirga.
Yatsa biyu suka rage a tsaye, ba mai su.

Daren nan wayar ta yi ta magana.
Wata Tasalla daga Tibiri, murya a shaƙe:
tukunya goma sha biyu ta sa a wuta,
tara sun fashe,
ga kuɗin kara bashi ne.
Na ce ba ruwana, na juya wa bango fuska.
Barci ya ƙi.
Na san wannan ƙarar, tana shiga ta haƙori.

Kafin kiran assalatu na tashi yarinyar:
danna abin nan.
Na ce, Tasalla, kar ki zubar da tsingaron.
Daka shi, ki tankaɗe,
ki cuɗa shi da sabon yumɓu.
Tukunyar da ta mutu ita ke riƙe ƙugun ta gobe.
Kuma ki rage gaggawa,
su sha inuwa kwana huɗu kafin rana ta gan su.

Daga nan muka yi yawa ban sani ba.
Ige ta Safo mai tandar waina,
da Bawa Nahantsi na Madarunfa
da ba ya fara magana sai ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya
har cajin waya ya ƙare.
Da gulbi ya binne ramin lakarmu da rairayi
shi ya ce mu gangara ƙasan tsamiya biyu.
Muka haƙa, ga ta nan baƙa, mai danƙo.

Wani yaro kuma, Ilu, ko gemu bai yi ba,
ya nuna ɗakin gashi da ya gina da bulo,
wai rabin karan da nake ƙonawa ya ishe shi.
Na yi dariya har da tari.
Bayan sati biyu ni ce tsugune gabansa
ina cewa, Malam, maimaita,
ta ina iska ke shiga?

Ranar Asabar ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida.
Mace ta sauko da abu goye a zane,
ta yi sallama, na gane ta tun kafin ta ɗago.
Ta kwance goyon: tulu ne.
Bakinsa ya karkace.
Ƙafata ta yi ƙaiƙayi, na danne ta da ɗayar.
Na ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa,
ya amsa tangararan, ba tsaga ko ɗaya.

Na zuba masa ruwa, na ajiye gindin darbejiya.
Sannan na yanko curi, na raba biyu,
na jiƙa hannunta da nawa.
Sahiya na gefe, ta ɗaga tsagaggen gilashinta.
Na ce, Tasalla, matso.
Ga yadda ake yi.